Gaskiya ko Jita-jita: Shin Mai Tsada Shi Ne Nagari?

Idan ciniki ya cije a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, akwai maganar da mai shago ba ya rasa jefowa: "Alhaji, ai sayen nagari mai da kuɗi gida ne." Karin maganar ba ta da laifi. Sai dai sau da yawa abin da ake so ka ji shi ne ka ɗauki wanda ya fi tsada ka ba da kuɗi. To, ina gaskiyar take?

Cewa kaya mai inganci yana biyan kansa gaskiya ne, muddin abu ne da ake mora kullum. Ƙwan fitila ya isa misali, don shi lissafinsa a fili yake. Tsohon ƙwai mai zafi na wat 60 yana yin kimanin awa 1,000 ya ƙone. Ƙwan LED na wat 9 yana ba da haske daidai da nasa, kuma na ƙwarai yakan kai awa 15,000 ko fiye. A kunna kowanne awa biyar a rana: a wata guda na farko zai sha yunit 9, na biyu bai kai yunit ɗaya da rabi ba. Ga wanda ke rukunin Band A na kuɗin wuta, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, kusan naira 1,800 ke nan a gefe guda, ƙasa da 300 a ɗaya gefen, a kan ƙwai ɗaya tak. Mai gida mai ɗakuna shida sai ya ninka da kansa. Sharaɗin dai ƙwan ya zama na gaske, domin kasuwa cike take da waɗanda aka rubuta musu wat ɗin ƙarya a kwali, wuta na yin rawa sau biyu su mutu.

Cewa duk abin da ya fi tsada ya fi aiki kuwa, jita-jita ce, kuma a kantin magani ta fi cin mutane. Panadol na yau da kullum farasitamol ne miligiram 500, sinadari ɗaya da na wani kamfani mai rajistar NAFDAC da ake sayarwa a ƙasa da kuɗinsa. Bambancin da kake biya na suna ne da talla. Abin tsoro a magani shi ne jabu: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko bai cika ƙa'ida ba. Mai yin jabu kuma sunan da ya yi fice yake bi, don nan riba take. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, da kankare lambar tantancewa a aika ta saƙon waya idan kwalin yana da ita, ya fi tambayar farashi amfani.

"Ɗan Chana ne, ba ya ƙarko." Wannan ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Akasarin wayoyin iPhone a Sin aka daɗe ana haɗa su, Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwar waya ta Farm Centre kuwa duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen. Masana'antun can suna yin kaya hawa-hawa, ɗan kasuwar da ya je Guangzhou shi ke zaɓar hawan da kuɗinsa ya kai.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne tufafi. Atamfar Holan ta Vlisco, kamfanin da ke garin Helmond tun 1846, da shaddar Getzner ta Bludenz a Ostiriya, ba a banza suka yi suna ba. Atamfar kakin zuma ta asali rininta yana ratsa zanen, ciki da waje kusan ɗaya, shi ya sa za ka ga Hajiya ta juya turmi tana duba bayansa kafin ta ce uffan. Ta kwaikwayo fuska ɗaya take da haske, bayanta fari-fari. Shaddar bogi kuma sheƙinta a wankin farko yake bin ruwa. Har nan masu cewa "araha ba ta ado" suna da gaskiya.

Amma a ganina nan ne aka fi yaudarar kai. Zanen da ake ɗaurawa kullum ana wankewa duk mako, shi ne ingancinsa ke mayar da kuɗi. Atamfar Super da aka ciyo bashi aka zuba a akwatin lefe don 'yan ganin kaya su yaba, aka ɗinka aka sa a biki ɗaya aka ninke, wannan kuɗin fita kunya ne, kuma gara a kira shi da sunansa. Irin wannan gidan ne za ka tarar katifar da ake kwana a kai duk dare ta lotsa a tsakiya, cajar waya kuma ta ɗari biyar ce da ake sakewa duk bayan sati uku.