Leda da bido: cutar da ba a gani da ido



A da, ƙwarya da tulu da akushi su ne kayan gidanmu. Yanzu leda da roba sun shiga ko'ina. A leda ake zuba koko mai zafi, a leda ake dafa alala, da leda wasu mata ke hura wuta. Ya kamata mu san abin da ke cikin wannan kaya.

Jikin mutum yana da wasu ƴan aike da ke bin jini, likitoci suna ce musu ormon. Su ke tsara girman yaro, da balaga, da haihuwa. Wajen yin roba ana haɗa ta da magunguna. Akwai wanda ake kira bisfenol A, ana samunsa a wata roba mai tauri da cikin wasu gwangwanaye. Akwai ftalat, mai sa roba ta yi taushi. In sun shiga jiki, sai su riƙa kwaikwayon ormon, su rikita aikinsa. Mai ciki da jariri su suka fi shiga hatsari. Abin ba ya kayar da mutum ran da ya ci, sannu sannu yake aiki.

Zafi da mai su ke jawo magungunan roba su shiga abinci. Saboda bisfenol A, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa shi a kwalbar shayar da jarirai a 2011. Faransa ta hana shi a duk mazubin abinci tun 2015. A nan Nijar, doka mai lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamba 2014 ta hana yin leda maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita.

Ga abin da za mu kiyaye:

1. Koko da miya da ƙosai mai zafi a zuba su a kwanon ƙarfe ko ƙwarya. Alala a dafa ta a ganye.

2. Kada a hura wuta da leda, kada a ƙone ta kusa da gida. Hayaƙinta yana da dafi.

3. Bidon da aka taɓa sa maganin ƙwari ba na ruwa ba ne, ba na fura ko mai ba. Roba tana shan magani, wanki ba ya fitar da shi duka. A ɗauraye shi sau 3, a zuba ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, a huda bidon, a tambayi malamin gona inda za a kai shi.

4. Bidon ruwan sha a ajiye shi a inuwa. Tulu ya fi.

5. A tsince leda daga gona da garke. In akuya ta haɗiye ta, sai ta taru a tumbi, dabba ta rame, wani lokaci ta mutu.

Ba kowace roba ce abin gudu ba. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda INRAN ta Maraɗi ta gwada tare da jami'ar Purdue ta Amurka, yana tsare busasshen wake ba tare da magani ba, domin ƙwari suna mutuwa in sun rasa iska.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa da matan gida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.

Malamin gona, Cadakori