Iyafis Mai Tsada: Yaya Ake Gane Mai Daɗin Amo?

A shekarar 1995 ne wani injiniyan sauti Ba'amurke, Jerry Harvey, ya ƙera wa makaɗin ganga Alex Van Halen iyafis na musamman, domin ya riƙa jin abokan kiɗansa ba tare da ƙarar dandali ta kurmantar da shi ba. Yau masu neman sauti tsantsa suna zuba kuɗi wajen sayen irinsa.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana da 'yar fata mai rawa irin ta lasifika, amonsa da kauri kamar tambari. Na biyu kuwa daga na'urar masu ƙarancin ji aka aro shi, murya da goge sukan fito tar a cikinsa.

Amma fa mai gwadawa ya yi hattara. Kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara, saboda haka sai an daidaita ƙarar duka biyun tukuna. Haka kuma idan robar ba ta toshe kunne sosai ba, kaurin amon zurarewa yake yi, kome tsadarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.