Ko Kun Sani? Mashigin da Ƙanƙara Ta Buɗe

Mashigin tekun Glacier Bay na jihar Alaska a Amurka, wanda jiragen ruwan yawon buɗe ido ke ratsawa a yau, a toshe yake da kogin ƙanƙara sa'ad da tawagar mai binciken teku George Vancouver ta isa bakinsa a 1794. Kogin ƙanƙara dusar ƙanƙara ce da ta daskare shekaru aru-aru, take gangarowa daga tsaunuka sannu a hankali. Tun daga 1794 kogin ƙanƙarar mashigin ya ja da baya kimanin kilomita 100, tazarar da ta zarce ta Nasarawar Kaduna zuwa Zariya. Manyan jirage biyu kacal ake bari su shiga kowace rana, matakin da ya dace domin kare halittun ruwa, fasinjojinsu kuwa ba sa sauka, sai a garuruwa irin su Juneau da Skagway suke taka ƙasa.