Waldar Waya da Gas

Dukanmu mun saba ganin masu walda a bakin hanya suna haɗa ƙofofi da gadajen ƙarfe. Yawancinsu da sandar walda suke aiki, in ta ƙone su sa wata. Amma akwai wata irin walda da ake ce da ita MIG, wadda ake yawan aiki da ita a masana'antun motoci. Da yake 'ya'yanmu da dama suna koyon wannan sana'a, ya kamata mu san yadda take.

A Amurka aka ƙago ta a shekarar 1948, domin haɗa alminiyam. A 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna za a iya yinta da gas mai araha, sai aka shiga haɗa baƙin ƙarfe da ita.

Ga yadda take aiki. Maimakon sanda, wata siririyar waya ce naɗe a cikin injin, kamar zaren keken ɗinki. Kaurinta wajen milimita ɗaya ne. Mai walda yakan maƙala igiyar lantarki a jikin ƙarfen, sa'an nan ya riƙe abin da ake kira bindiga. Da ya danna kunamarta, sai wayar ta riƙa fitowa da kanta, lantarki ya yi tsalle daga bakinta zuwa ƙarfen. Zafin ya wuce digiri 1,500 na Selsiyas da baƙin ƙarfe ke narkewa a kai, saboda haka wayar da ƙarfen sukan narke su zama ɗaya.

To, mene ne amfanin gas ɗin? Ba irin na girki ba ne, ba ya cin wuta. Argon ne, ko kabon dayoksaid, ko gaurayen su biyun. Yana fitowa ta bakin bindigar ya lulluɓe narkakken ƙarfen, domin kada iskar da muke shaƙa ta taɓa shi. In ta taɓa shi, sai ƙananan ramuka su cika haɗin. Wani lokaci a ido aiki ya yi kyau, amma ran da aka ɗora wa amalanke kaya, nan ne za ta karye.

Shi ya sa ba a son yin wannan walda a fili. Iskar hunturu ko ta fanka tana iya kwashe gas ɗin. Sai a kange wurin, a kuma kankare tsatsa da fenti tukuna. Amma kada a toshe ɗakin, gama hayaƙin walda yana cutar huhu.

Iyaye, mu kula da ƙananan yara masu tsayawa kallon walda. Hasken yana ƙona ido. Ba a jin zafin nan take, sai bayan wasu sa'o'i yaro ya ji kamar an zuba masa yashi a ido. Wanda ɗansa ke koyon sana'ar kuwa, ya tabbata yana da garkuwar fuska mai baƙin gilashi da safar hannu ta fata. Tabarau na kasuwa bai isa ba.