Gidan Ɗan Hausa da Asalin Rubutun Boko

A unguwar Nasarawa, wajen ganuwar birnin Kano, akwai wani tsohon gidan ƙasa mai zankwaye da rufin azara, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. A nan ne Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, ya zauna. Tun a 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, ya kuma wallafa labarin tafiyar a 1910.

Sai dai ba wannan littafi ne ya ɗaukaka gidan a wurin manazarta harshe ba. A wannan unguwa ce Vischer ya buɗe makarantar gwamnati a 1909, sa'an nan a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa. Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai daga baya suka shigo.

Abin lura shi ne, mutumin da ya amince wa maginan Hausa da ɗakin kwanansa, shi ne kuma ya taimaka wajen kawar da ajami daga makarantun hukuma. Yau masu ziyara sukan yaba daurin guga, da wuya su tambayi wannan batu.