Jan gwadan da ke kan katangarki: daga ina zuri'arsa ta fito?

Uwargida, in kina zaune a Kakuri, Barnawa ko Narayi, kin san shi. Da hantsi ya ɗaga sai ki gan shi bisa katanga yana gyaɗa kai kamar an yi masa tambaya. Wata rana ɗanki zai ce, "Mama, ƙadangaru duk iri ɗaya ne?" Kada ki yi saurin cewa eh.

Fara da abin da ido ke gani: mai jan kan nan namiji ne, shi ne maigidan katangar, masu ruwan ƙasa-ƙasa kuwa mata ne da ƙananan maza. Abin da ido ba ya gani ya fi yawa. Tun 1758 masani Linnaeus ya sa wa ƙadangaren nan suna, aka daɗe ana ɗaukar na Afirka ta Yamma abu guda. Da aka fara gwada ƙwayoyin gado, irin gwajin da ake yi don gano mahaifin yaro, sai aka ga zuri'o'i ne daban-daban masu kama da juna. Danginsa sun haura iri 40 a Afirka, kuma masana na ganin sun soma rarrabuwa fiye da shekara miliyan 20 da suka wuce. Dazuzzuka na ja da baya, fili na bushewa, kowane rukuni ya tsare yankinsa har ya zama iri mai zaman kansa.

Labarin guza, mai son bakin ruwa irin na kogin Kaduna, ya fi ba ni mamaki. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna guzan Afirka ta Yamma ya rabu da na sauran nahiyar kusan shekara miliyan 8 baya, alhali a ido da ƙyar ki bambanta su.

To, a bar shi ke nan ya yi yadda ya ga dama? Yana rage miki tururuwa da gara, don haka ki hana yara harbinsa da danƙo. Sai dai kashinsa, baƙi mai ɗigon fari, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. In kin yi shanyar kuɓewa, tattasai ko garin masara, ɗora ta a sama ki rufe da raga, kuma yaron da ya taɓa ƙadangare ya wanke hannu da sabulu kafin ya zauna cin tuwo.