BABI NA UKU: MATSALAR KALLON KYAMARAR TSARO DAGA NESA DA HANYOYIN MAGANCE TA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan dalilan da ke hana mai gida ko mai shago ganin hoton kyamarorinsa a waya da zarar ya bar wurin, alhali yana ganinsu sarai idan yana ciki. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, galibi ba na'urar naɗar hoton ce ta lalace ba, hanyar da saƙo ke bi ya isa gare ta ce ta toshe. Rashin sanin haka yakan sa a sayi sabuwar na'ura a banza, dukiya kuma ta kwana ba mai sa mata ido.

3.1 Yadda Saƙo Ke Isa ga Na'urar

Na'urar naɗar hoto, wadda masu sana'ar ke kira DVR ko NVR, tana haɗe ne da rauta. Ita rauta tamkar zauren gida take, wato baƙo ba ya wuce ta sai an yi masa iso. Tana da adireshi biyu: na waje, wanda kamfanin intanet ya ba ta, da na ciki, wanda yawanci yake farawa da 192.168. Ba a iya kiran adireshin ciki daga waje. Saboda haka dole a umarci rauta cewa duk saƙon da ya zo ta ƙofa kaza, ta miƙa shi ga na'urar. A wannan aiki, ƙofa na nufin lambar da ke bambanta hidimomin da ke kan adireshi guda. Alal misali, ƙofa ta 80 ta shafin na'urar ce, ta 554 ta hoto mai motsi ce. Na'urorin Hikvision suna amfani da ta 8000, na Dahua kuwa ta 37777.

3.2 Matakan Bincike

Ana fara bincike ne daga ciki, sannan a fita waje.

Na farko, a haɗa kwamfuta da rautar a buɗe adireshin na'urar. Idan bai buɗe ba, to matsalar ta cikin gida ce, sai a duba wayar haɗi da adireshin rauta da aka rubuta a cikin na'urar. Idan aka yi kuskuren rubuta shi, na'urar za ta yi aiki a gida amma ba za ta iya mayar da amsa waje ba.

Na biyu, a ba na'urar adireshi tsayayye. Rauta takan sake rabon adireshi bayan ɗaukewar wuta, ta yadda na'urar da take 192.168.1.20 jiya za ta iya zama 192.168.1.23 yau, umarnin miƙa saƙo kuwa yana nan a kan tsohon adireshi.

Na uku, a tabbatar lambobin ƙofofin da ke cikin rauta sun yi daidai da na cikin na'urar. Wasu kamfanonin intanet sukan toshe ƙofa ta 80, sai a sauya ta da wata kamar 8080.

Na huɗu, a yi gwaji da datar waya bayan an kashe Wi-Fi, domin wasu rautoci ba sa barin a kira adireshin waje daga cikin gida.

Na biyar, adireshin waje shi ma yakan canza. Maganinsa shi ne hidimar DDNS, wadda ke ba gidan suna guda da ke bin adireshin duk sa'ad da ya canza.

3.3 Matsalar Adireshin Tarayya

Akwai matsalar da waɗannan matakai ba sa magancewa. Tsarin IPv4 yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta a shekarar 2011. Dalili ke nan da ya sa kamfanonin sadarwa, musamman na wayar hannu, suke haɗa masu hulɗa da yawa a kan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Wannan ya shafi galibin masu amfani da rauta mai layin waya, irin wadda ta yawaita a gidaje da shaguna a Nijeriya. Ana gane shi ne ta kwatanta adireshin waje da rauta ta nuna da wanda shafukan duba adireshi suka nuna. Idan sun bambanta, ko kuma na rautar ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, to akwai wani zaure a gaban nasa wanda mai gida ba shi da iko da shi. Mafita a nan ita ce neman adireshi na kai daga kamfanin, ko amfani da manhajar masu ƙera na'urar, kamar Hik-Connect ko DMSS, inda na'urar da kanta take fita ta sadu da wayar.

3.4 Batun Tsaro

Ƙofar da aka buɗe wa mai gida, ɓarawo ma yana ganinta. A shekarar 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗar hoto waɗanda ba a canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari. Don haka wajibi ne a canza kalmar sirri kafin a buɗe kowace ƙofa.

3.5 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa saƙo yana ratsa matakai da dama kafin ya isa ga na'urar, kuma kowane mataki yana da gwajinsa. Wanda ya bi su daki-daki zai gane inda hanyar ta yanke, ya kuma san ko gyaran a hannunsa yake ko a hannun kamfanin intanet.